Ruwan da ke ƙarƙashin gonata, don me za a sa masa kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne, ina noman rani da rijiyar burtsatse. Da kuɗina na haƙa ta, da kuɗina na sayi inji, ni nake zuba masa mai. Kwanakin baya na ji wani masanin tattalin arziki a rediyo yana cewa ya kamata a sa wa rijiyoyin manoma mita, a riƙa karɓar kuɗi gwargwadon ruwan da mutum ya ja. Maganar ta tsaya mini a rai. Ba gwamnati ce ta saukar da ruwan sama ba, ba ita ta ajiye shi a ƙarƙashin ƙasa ba. Wannan ba shi ne rijiya ta bayar guga ya hana ba? Ni dai ban ga komai a ciki ba sai sabuwar hanyar tatsar talaka. Ina neman ƙarin bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba zan ce maka mai maganar rediyon ya yi daidai ɗari bisa ɗari ba, zan ma zo kan inda nake ganin ya gajarta. Amma akwai abin da ya hango wanda da wuya ka gan shi kana tsaye bakin rijiyarka, domin a ƙarƙashin ƙafarka yake faruwa.

Gonarka tana da iyaka, kowa ya san inda ta fara da inda ta ƙare. Ruwan da ke ƙarƙashinta bai san wannan iyakar ba. Yana kwance ne cikin yashi da tsakuwa da tsagogin duwatsu, ya shimfiɗu ƙarƙashin gonaki ɗaruruwa, wani lokaci ƙarƙashin ƙasashe biyu ko uku. Duk sanda ka tayar da inji, ruwan da ke kewaye da bakin bututunka sai ya sauka, ya yi siffar mazurari, na gefe ya gangaro ya cike gurbin. Gefen nan kuwa har da ƙarƙashin gonar maƙwabcinka. Rijiyar taka ce, babu mai ja da kai. Randar da kuke ɗiba a ciki ce guda ɗaya.

Randar nan tana da uwar kuɗi, tana da riba. Ruwan da ya taru cikin ɗaruruwan shekaru ko dubbai shi ne uwar kuɗin. Ɗan abin da ke tsatsafowa daga sama kowace damina shi ne ribar. Muddin abin da kuke ja gaba ɗayanku bai wuce ribar ba, ku da jikokinku za ku yi ta noma. Ranar da ya wuce, kun fara cin jari, kuma mai cin jari ba ya ji a jikinsa da wuri. Shekarun farko ma gani zai yi kasuwa ta yi kyau.

Ga lissafin da ke sa masu tattalin arziki damuwa. A ce ku goma ne kan ruwa ɗaya. Ka ƙara fili, ka ƙara awoyin ban-ruwa, ka samu ƙarin riba 100, da kowane irin kuɗi kake lissafi. Saboda ƙarin jan da ka yi, ruwan ya ƙara nisa, kowane ɗayanku ya ƙara kashe 20 a mai da gyaran inji. Kai ka ci 100 ka biya 20, ka fita da riba, kuma babu wanda zai ce ka yi wauta. Amma idan aka haɗa ku goman, an samu 100 an yi asarar 200. Sauran tara kuma ba jahilai ba ne, kowannensu zai yi irin lissafinka, har da ƙarin tunanin cewa idan ya bar ruwan yau, wani ne zai janye shi gobe. Babu mugu ko ɗaya a cikinku, ga shi kuna haƙa wa juna rami. Kuɗin man da kake biya kuɗin ɗago ruwa ne daga ƙasa zuwa sama. Ɓarnar da jan ruwan ya yi wa maƙwabci da wanda ba a haifa ba tukuna, ita ce ba ta shiga littafin kowa. Wannan giɓin ake son mita da farashi su cike.

Yanzu dubi wanda ruwan ke fara gudu ya bari. Mai ƙaramar rijiya ne, wanda ya haƙa da hannu ko ya tsaya a zurfin da aljihunsa ya kai. Wata safiya ya tayar da inji, sai ya ji yana shaƙar iska, bututun ya yi tari, ya tofar da ruwa mai laka, ya yi shiru. Kayan lambunsa sun kai rabin girma. Mai hali, da ya ga haka, sai ya kira masu haƙa su ƙara masa zurfi, ya sauya inji mai ƙarfi, wanda hakan ke ƙara janye ruwan ƙasa. Ƙarshenta ƙaramin manomin ya koma sayen ruwa a hannun babban, da farashin da babban ya ga dama. Ka ga ruwa ya samu farashi ke nan, sai dai ba hukuma ce ta yanka shi ba, kuma kuɗin ba wajen gyara yake tafiya ba. Shi ya sa duk wanda ya ce mini barin ruwa a buɗe kare talaka ne, nakan tambaye shi tsawon bututun talakan.

Jihar Punjab ta Indiya ita ce misalin da ya fi zama a raina, domin niyyar da aka fara da ita mai kyau ce. Indiya ta fi kowace ƙasa a duniya jan ruwan ƙarƙashin ƙasa, Punjab kuwa rumbun alkama da shinkafarta ce. A 1997 gwamnatin jihar ta fara ba manoma wutar lantarki kyauta don injinan ban-ruwa. Gwamnatin tarayya kuma tana sayen shinkafa da alkama kan farashin da ta tsayar tun kafin girbi. To wane manomi ne zai shuka abin da ba ya shan ruwa sosai, alhali ruwa bagas ne kuma mai sayen shinkafa yana jira? Sai aka wayi gari yankin da ruwan samansa bai kai na ƙasar shinkafa ba ya cika da shinkafa, ruwan ƙasa yana ta sauka a mafi yawan gundumomi, manoma suna cin bashi don ƙara zurfin rijiya da sayen injinan da ake zurawa can ciki. Da abin ya yi tsanani, a 2009 aka kafa dokar da ta hana dashen shinkafa kafin 10 ga Yuni, don a jira damina ta kusa. Dokar ta ɗan taimaki ruwan, amma ta ja girbi baya, tazarar da ke tsakanin yanke shinkafa da shuka alkama ta ƙuntata, manoma suka ƙara dogara da banka wa karan wuta, kuma a daidai lokacin da iska ke kwashe hayaƙin zuwa Delhi, babban birnin ƙasar. An toshe nan, can ya ɓalle. Wutar kyautar kuwa ta zama abin da ɗan siyasa ke tsoron taɓawa, duk da cewa mai injina biyar ya fi mai inji ɗaya cin moriyarta.

Saudiyya ta bi hanya mai kama da wannan da alkama. Da tallafi mai tsoka ta noma ta a hamada da ruwan da ya taru tun zamanin da yankin ke samun ruwan sama, har ta shiga sahun masu fitar da alkama waje a farkon shekarun 1990. A 2008 ta yanke shawarar janyewa sannu a hankali zuwa 2016, saboda ruwan ba mai dawowa ba ne. A kwarin San Joaquin na jihar Kalifoniya ta Amurka kuma ƙasar kanta ce ta ba da shaida. Akwai wani sanannen hoto na masanin ruwa Joseph Poland yana tsaye jikin turken wayar lantarki kusa da garin Mendota, an maƙala alamar inda doron ƙasa yake a 1925 can sama, ta 1977 a wajen ƙafarsa. Tsakaninsu kusan mita 9. Ƙasar ta lotsa ne saboda janye ruwan da ke riƙe da ita, kuma laka idan ta danne haka ba ta sake buɗewa ta riƙe ruwa kamar da.

Inda kake da gaskiya shi ne a batun amana da batun ruwan sha. A Kochabamba ta ƙasar Bolibiya, bayan an miƙa ruwan birnin ga kamfani mai zaman kansa, kuɗin ruwa ya yi tsalle, mutane suka ji har rijiyoyin da al'umma ta haƙa da kanta na cikin haɗari. Suka fito kan titi a 2000, aka rasa rai, gwamnati ta soke kwangilar. Farashin da aka ɗora daga sama, ba tare da jin ta bakin masu biya ba, abin da yake haifarwa ke nan. Ruwan sha da na girki kuma bai kamata a gwama shi da na ban-ruwa ba. Afirka ta Kudu a 2001 ta ɗauki manufar ba kowane gida lita 6,000 kyauta a wata, wanda ya wuce haka ya biya. Ana iya yin hakan ba tare da randar ta girgiza ba, domin noma ne ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗi da ɗan Adam ke ɗiba a duniya.

Inda mai maganar rediyon ya gajarta kuwa, shi ne da ya nuna kamar mita da kuɗi su kaɗai ne magani, kuma kamar gwamnati ce kaɗai za ta iya. A 1968 wani masani ɗan Amurka, Garrett Hardin, ya yaɗa ra'ayin cewa dukiyar da jama'a ke tarayya a kanta ƙarshenta lalacewa, sai dai hukuma ta karɓe ta ko a raba ta ga ɗaiɗaiku. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe rayuwarta tana nuna cewa akwai hanya ta uku, kuma da ruwan ƙasa ta fara. Binciken digirinta na uku kan yankin birnin Los Anjeles na Kalifoniya ne, inda yawan jan ruwa ya sa ruwan teku mai gishiri ya fara kutsowa cikin rijiyoyi. Masu rijiyoyin suka kafa ƙungiya, suka kai juna kotu don a tantance haƙƙin kowa, suka amince da rage abin da suke ja, aka naɗa mai sa ido da ke duba lissafin kowa ya bayyana shi a fili. A 1959 aka kafa hukuma ta musamman da ke karɓar kuɗi kan kowane ma'aunin ruwa da aka ja, ana amfani da shi wajen mayar da ruwa cikin ƙasa. Haraji ne, babu musu. Amma masu biyan su suka nema, kuma sun san ramin da kuɗin yake shiga.

Na fi son misalin gundumar Sheridan a jihar Kansas ta Amurka, domin manoma ne zalla. Suna kan babban ruwan ƙasa na Ogallala, wanda ya ratsa jihohi takwas na Amurka. Da suka ga yana ƙarewa, suka zauna suka tsara wa kansu ragin kashi 20 cikin 100, jihar ta ba tsarin ƙarfin doka, ya fara aiki a 2013. Dabarar da ta burge ni ita ce ba a yanka wa mutum kaso na shekara-shekara ba. An ba shi ruwan da zai rufe kowace eka da zurfin inci 55 na tsawon shekara biyar, ya sarrafa yadda ya so. Shekarar da sama ta yi kyau ya adana, shekarar fari ya ɗiba. Da manomi ya san abin da ya bari yau nasa ne gobe, sai lissafin nan na mutum goma ya juye. Sun rage fiye da abin da suka yi alkawari, gonakinsu kuma ba su durƙushe ba. A jihar Gujarat ta Indiya wata hanya aka bi daga 2003: an raba layin wutar gidaje da na gonaki, gonaki suna samun wuta awa takwas a rana. Iyaka ce ba tare da an sa wa kowace rijiya mita ba.

Wani zai ce a raba wa manoma kayan ban-ruwa na ɗigo, magana ta ƙare. Kayan suna da kyau, ina ba da shawararsu. Sai dai idan ba a tsayar da jimillar abin da za a ja ba, manomin da ya ga ruwan da ke shayar da kadada ɗaya yanzu yana shayar da biyu, kadada biyun zai noma. Masanin tattalin arziki William Stanley Jevons ya lura da irin wannan kan gawayin ƙasa a Ingila tun 1865: injin da ya fi tattalin gawayi ya sa amfani da gawayi ya ƙaru. Saboda haka a wurina tsarin shi ne a fara da awo, a san abin da ke shiga da abin da ke fita, sannan a tsayar da iyaka, a raba kaso, a kare ƙaramin manomi da ruwan sha. Kuɗi ya biyo baya, idan ana buƙatarsa.

Idan maganar mitar ta zo yankinku da gaske, kada ku tsaya kan a'a kawai, domin za a iya yi ba da ku ba. Ku tambaya wa zai karanta mitar, ko ta babban mai gona ma za a karanta, nawa ne kason da ba a biya, kuma ina kuɗin zai tafi. Ku nemi kujera a kwamitin da zai yanka kason. Kafin nan akwai aikin da ba ya buƙatar izinin kowa. Ka samu igiya mai alamar awo, ka ɗaura mata ɗan ƙarfe a baki, ka zura ta cikin rijiya da sassafe kafin ka tayar da inji, ka rubuta zurfin da ta taɓa ruwa. Ka yi haka a ƙarshen damina da ƙarshen rani, a ranaku iri ɗaya kowace shekara, ka roƙi maƙwabta huɗu ko biyar su yi nasu a littafi ɗaya. Bayan shekara uku ku zauna ku duba lambobin tare.