In amsa wa wawa ko in yi shiru? Bayani kan Karin Magana 26:4-5

Tambaya: Malam, salama cikin sunan Yesu. A zumuntar mata muna nazarin Littafin Karin Magana, sai muka iso sura 26. Aya ta 4 ta ce kada a amsa wa wawa bisa ga wautarsa, ta 5 kuma ta ce a amsa masa. Kanmu ya ɗaure. Abin ya shafe ni ƙwarai, domin ƙanen mijina yakan yi wa addu'ata ba'a a gaban 'ya'yana. Wacce zan bi? Daga wata 'yar'uwa a Kafanchan.

Amsa: 'Yar'uwa, kin riga kin san irin wannan a harshenmu. Mukan ce sannu ba ta hana zuwa, mukan kuma ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, ba wanda ya taɓa cewa kakanninmu sun ruɗe. Kowace magana da lokacinta. Haka ayoyin nan suke, kuma da gangan aka jera su kusa da juna. Sura 25:1 ta ce mutanen Hezekiya sarkin Yahuza ne suka kwafi wannan sashe na karin maganar Sulemanu, fiye da shekara 200 bayan rasuwarsa. Marubutan fada ne, sun ga abin da kika gani. Ko malaman Yahudawa na dā sun yi muhawara a kan ayoyin nan biyu, har suka daidaita a kan cewa kowacce da wurinta.

Ki lura da dalilin da kowace aya ta bayar. Ta 4 ta ce kada ke ma ki zama kamarsa, wato idan ya yi gatse ki yi gatse, ya ɗaga murya ki ɗaga taki, mai wucewa ya kasa gane wane ne wawan. Ta 5 ta ce don kada ya ɗauka shi mai hikima ne, domin akwai shirun da wawa ke fassarawa da cewa ya yi nasara.

Kalmar Ibrananci a nan ita ce "kesil". Mai wannan suna yana iya zama mai ilimin boko sosai. Ciwonsa shi ne ba ya son fahimta, sai dai ya faɗi ra'ayinsa, kamar yadda 18:2 ta kwatanta shi. Akwai wani kuma, "peti", ɗanyen kai mai gaskata duk abin da ya ji (14:15). Shi ba a fid da rai da shi ba.

Hezekiyan nan da kansa ya yi aiki da aya ta 4. A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, jakadan Sennakerib sarkin Assuriya ya tsaya a bakin garun Urushalima yana zuba wa mutane baƙar magana da harshensu. Ba wanda ya ce uffan, domin sarki ya hana a amsa masa (2 Sarakuna 18:36). Wasiƙar da ta biyo baya kuwa, Hezekiya ya kai ta Haikali ya shimfiɗa a gaban Ubangiji. Yesu ma bai ce wa Hiridus komai ba, amma da aka ɗana masa tarko da zancen haraji, ya sa aka kawo dinari, wato kuɗin Romawa, ya amsa da jimla ɗaya.

A batunki, abin da ya fi damuna shi ne yaran. Su ne ɗanyun kai a wannan ɗaki, suna kallon bakin baffansu, suna kallon fuskarki. Idan ke kaɗai ce da shi, ki bar shi, ki ci gaba da tuƙin tuwonki. Idan a gabansu ne, ki amsa sau ɗaya da murya a kwance: "Baffan yara, a gidan nan muna addu'a, kuma ba ma wasa da ita." Kada ki ƙara ko da ya ja zancen. Da dare ki zauna da yaran ki ji abin da suka ɗauka daga maganarsa. Ki kuma gaya wa maigidanki a keɓe, domin ƙanensa ne, shi ya fi cancanta ya ja masa kunne.