Tambayoyin Masu Karatu: Wai Daejeon a wace jiha take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ƙanena ne ya samu sikolashif a Koriya ta Kudu, tikitin jirginsa an rubuta zai sauka a Incheon amma takardar makarantar Daejeon ta ce, ni kuma wallahi Seoul kaɗai na sani a ƙasar. Wai Incheon ɗin unguwa ce a Seoul? Sannan ina taya shi cike fom na rasa me zan sa a gurbin jiha, Daejeon a wace jiha take? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya sa albarka a karatun. Incheon ba unguwa ba ce, gari ne mai zaman kansa da magajin garinsa, yana yamma da Seoul a bakin teku, filin jirgin ma da aka buɗe a 2001 a kan tsibiri yake, kawai dai kusan duk mai zuwa Seoul daga waje nan yake sauka shi ya sa mutane ke haɗa su.

Gurbin jiha kuwa ki rubuta Daejeon ɗin, shi ke nan, don ba ta ƙarƙashin kowace jiha. Su can manyan biranensu cire su aka yi daga larduna, wato kwatankwacin jihohinmu, magajin gari ya zama daidai yake da gwamnan lardi, ba wanda ke ba wani umarni. Seoul ita ce babba, suna ce mata birni na musamman, gundumominta 25. Sai birane shida da suka samu matsayin da ake kira gwangyeoksi, wato Busan, Daegu, Incheon, Gwangju, Daejeon da Ulsan. Busan ce ta fara ballewa a 1963, Daegu da Incheon a 1981, Daejeon ɗin ƙaninki a 1989, Ulsan garin masana'antar motocin Hyundai ita ce auta a 1997.

Abin da ke ban mamaki shi ne yawan jama'a kaɗai ba ya ba gari wannan kujera. Suwon ta fi Ulsan mutane amma har yanzu tana ƙarƙashin lardin Gyeonggi, a 2022 aka dai ɗan lallashe ta ita da Goyang da Yongin da Changwon da ƙarin iko, don ni a ganina wane gwamna ne zai yarda a yanke masa gari mai kawo haraji irin wannan?

Tunda Daejeon zai zauna zai riƙa jin sunan Sejong don makwabta ne. Labarinta ya so ya yi kama da na Abuja, Shugaba Roh Moo-hyun ya so ɗauke babban birni daga Seoul saboda cunkoso, sai kotun tsarin mulki ta taka masa birki a 2004 ta ce Seoul ce babban birni bisa al'adar da ta zama kamar doka, to sai aka gina Sejong aka buɗe ta a 2012 aka kwashe ma'aikatu da yawa da ofishin firaminista zuwa can. Ita ma gashin kanta take ci, ba ta ƙarƙashin lardi.

Ki ce masa in ya sauka kada ya ruɗe, daga filin jirgin akwai bas da ke zuwa Daejeon kai tsaye, ko ya shiga Seoul ya hau jirgin ƙasa mai gudu na KTX, wanda daga Seoul zuwa Daejeon kamar awa ɗaya ne.