Ga ɗan'uwan da yake fita gaba a taron farkaswa, amma yana komawa gidan jiya

Salama, ɗan'uwa. Ka ce duk taron farkaswa da aka yi a majami'arku a nan Jos sai ka fita gaba ka miƙa ranka da hawaye, amma kafin mako biyu ka koma halinka na dā. Kana tambaya yaya mutum yake ba da kansa ga Allah ɗungum.

Hawayen naka ba na ƙarya ba ne. Inda ake samun matsala shi ne, mutum yakan ce "na ba ka raina duka" bai ambaci ko abu ɗaya da sunansa ba. Nemi takarda da biro, ka zauna kai kaɗai, ka rubuta abin da har yanzu kake riƙe da shi: budurwar da kake ɓoye wa matarka, caca ta waya, gidan burkutu, mudun da kake tauyewa a kasuwa, gaba da ɗan'uwanka kan gonar gado, layar da aka ba ka lokacin rikici kana ajiye da ita "ko da a ce". Ka furta su ɗaya bayan ɗaya bisa ga 1 Yahaya 1:9.

Daga nan sai gyara, kuma a nan mutane da yawa suke tsayawa. A Luka 19:8 Zakka mai karɓar haraji ya ce zai mayar da ninki huɗu ga wanda ya cuta. In bashi ne, je ka sami mai shi, ku tsayar da abin da za ka riƙa biya duk wata, ko kaɗan ne. In lambar waya ce, goge ta. Laya kuwa kada ka jefar a ɓoye, kira fasto ko dattijon ikkilisiya a ƙone a gabansu, yadda mutanen Afisa suka ƙone littattafan sihirinsu a fili a Ayyukan Manzanni 19:19. Abin da aka rabu da shi a ɓoye, a ɓoye ake komawa gare shi.

Kada ka fara da azumin kwana bakwai a kan dutse, musamman in kana da gyambon ciki. Minti 20 na addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki da asuba kafin ka taɓa waya ya isa mafari. Fara da Markus, sura 16 ce, sura ɗaya kowace rana, sannan Yahaya. Masu farawa daga Littafin Farawa da zafi galibi a Littafin Firistoci suke ajiyewa. In sanyin Disamba ya hana ka tashi, mayar da lokacin zuwa bayan abincin dare, kada dai ka soke shi.

Wani kuskuren da yake ba ni tausayi: mutum ya bar aikinsa ko ya juye albashi duka a baiko, yara suna gida an kore su kan kuɗin makaranta. Karanta 1 Timoti 5:8. Ciyar da iyalinka yana cikin miƙa kan.

Ka kuma sami mutum ɗaya, namiji, wanda ya girme ka a bangaskiya, mai riƙe sirri. Ba shi izini ya tambaye ka kowane mako game da abubuwan da ke takardar nan, ka kuma gaya masa gaskiya. Ranar da ka sake faɗawa cikin zunubi, kira shi a ranar, kada ka jira taron baɗi. In ba a yi maka baftisma ba, je ka ga fasto ran Lahadin nan ka shiga ajin baftisma.