Wa zai biya kuɗi don ya kalli itace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Zango, cikin garin Damagaram. Mun gaji garka a kan hanyar Mirya, ina so in mayar da ita lambun tsirrai, mutane su riƙa biya suna shiga. Kawuna ya ce Turawa kaɗai ke biyan kuɗi don kallon itace, su kuma yanzu sun daina zuwa. Me zai kawo ɗan ƙasa irin wannan wuri?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kawu bai yi ƙarya ba, babu Badamagaren da zai ciro dala ashirin don a nuna masa dogon yaro, ga shi nan a ƙofar gidansa. Amma ba kallon itace ne ke fara kai mutane irin wannan lambu ba, ko a ƙasashen da suka daɗe da shi.

Lambun tsirrai ya bambanta da garka da abu ɗaya: kowace shuka an san sunanta da inda aka samo ta, an kuma rubuta. Na garin Padua a Italiya an kafa shi a 1545 don ɗaliban likita su san tsirran magani. Na Aburi a Ghana Turawan Ingila ne suka buɗe shi a 1890 don gwajin amfanin gona. Amma je ka Aburi ranar hutu, mutanen Accra za ka tarar sun hau tudu da iyalansu da kulolin abinci. Ilimi ne ya kafa wurin, shan iska ne ke cika shi.

A nan ma haka za ta kasance. Ka tuna watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, duwatsun Birni sun ɗauki rana suna amayo ta har bayan isha'i, ga wuta an ɗauke. A wannan lokaci inuwar tsamiya da randar ruwa mai sanyi kaya ne na sayarwa. Mai gida yana neman inda zai kai iyali washegarin Sallah bayan an gama kallon hawa, inda mata za su shimfiɗa tabarma ba a zuba musu ido, yara su yi guje-guje ba fargabar kabu-kabu. Samarin fada, wato majalisar hira, suna neman inda za su ɗora shayi. Amare da ƴan makaranta kuwa hoto suke so, kore a bayansu, su saka a WhatsApp. Kada ka raina wannan. Hoton amarya guda ya fi maka tallan rediyo.

Sai dai inuwa sau ɗaya ko biyu take kawo mutum. Abin da na ga yana riƙe mutanenmu shi ne tuna baya. Na taɓa tsayawa da gwaggota gaban wani kurmin anza. Ta tsinki ganye ta murza, ta yi shiru, sannan ta shiga ba jikokinta labarin yunwar 1984, yadda suke jiƙa dilo, wato ƴaƴan anzar, kwana da kwanaki suna sauya ruwa har ɗacin ya fita kafin a ci. Yaran nan a birni aka haife su, sun sha kunun tsamiya, sun ci miyar kuka, amma ba su taɓa ganin uwar ko ɗaya ba. Ranar sai da magariba ta kore mu.

Don haka ka bar zancen furannin ƙasashen waje. Ruwa suke sha kamar raƙumi, kai ma ka san yadda ruwa yake a Damagaram. Tara namu: aduwa, kurna, magarya, kanya, marke, sabara, kalgo, goruba, da bagaruwar da majema ke jima da ita. Sa gawo a inda kowa zai gan shi, domin shi kaɗai darasi ne: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, shi ya sa manoman Mirya da Magarya da Matamaye ke barinsa cikin hatsi. Kowane itace ka rataya masa allo da sunansa na Hausa da manyan baƙaƙe, na Barebari da Faransanci da na kimiyya a ƙasa, da amfaninsa a layi ɗaya. Idan ka sami dattijo masanin saiwoyi ya riƙa zagayawa da baƙi, ya fi allo ɗari.

Malaman makarantu da ɗaliban Jami'ar André Salifou za su zo a ranakun aiki in ka yi musu rangwame. Ranar 3 ga Agusta, da ake bikin dashen itatuwa, ka tanadi ƴan dashe na sayarwa.

Kafin ka buga tikiti ko ɗaya, gina makewayi biyu, na mata daban, ka ware wurin alwala da salla, ka kewaye garkar saboda awaki. Kuɗin shiga kuma ka yanka shi da kuɗin mota a ranka, tunda mai ƴaƴa shida sai ya biya zuwa da dawowa kafin ya iso ƙofarka. Yara ƙanana su shiga kyauta. Ranar buɗewa ka ɗauko Kawu da kanka, ka zaunar da shi gindin kukar da ta fi girma, ka bar shi ya ƙirga masu shigowa.