Amsa ga mai neman maus mai sauƙin kuɗi

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun da safe, aiki ne ya riƙe ni sai yanzu. Ka ce maus ɗinka ya fara ba ka matsala, ka danna sau ɗaya ya buɗe abu sau biyu, in kana jan fayil ya sake maka shi a hanya, kuma kuɗin hannunka ba yawa, kana so a faɗa maka wanne zaka saya, mai igiya ko wayales. Na ga wasu sun ce ka shiga kasuwa kawai ka ɗauki kowanne, ai maus maus ne. To ni dai ban yarda ba. Ina da shagon buga takardu da cike fom a nan Tudun Wadar Kaduna, lokacin rijistar JAMB ko in 'yan Poly sun zo da furojet ɗinsu maus baya hutawa daga safe har a tashi, kuma matattun da na tara sun kusa cika kwalin taliya, dan haka bari na faɗa maka abin da na gani.

In kuɗinka kaɗan ne sayi mai igiya na kamfanin da aka sani, ko da na hannu ne, ka bar wayales ɗin nan masu walƙiya da fitila kala-kala a inda ka gansu. Wannan shi ne amsar a taƙaice, sauran bayani ne.

Amma kafin ka fitar da ko sisi, ka gane abin da ya sami naka. Wannan danna sau biyun ba bairos bane kuma ba laifin laftof ɗinka bane, kar wani ya ce maka sai an yi fomatin. A ƙarƙashin madannin hagu akwai wani ɗan ƙaramin suwic mai siffar akwati, a cikinsa akwai ɗan siririn ƙarfe da yake lanƙwasawa in ka danna, shi ne yake ba da ƙarar nan ta ƙas ƙas. In ya tsufa ko datti ya hau bakinsa sai ya riƙa taɓawa yana saki yana sake taɓawa, kwamfuta kuma ta ɗauka sau biyu ka danna. Ka jona shi a wata kwamfutar ka gani, in can ma haka yake yi to suwic ne. Kuma ana canza shi, duk mai gyaran wayar da ya iya riƙe abin solda zai cire maka na wani mataccen maus ya dasa a naka, ƙafa uku ne kacal. Wani lokaci ma na tsakiya ko na dama da ba ka cika amfani da shi ba ake musanyawa da na hagun. In maus ɗin naka orijina ne wallahi gyaran ya fi maka sayen sabon jabu. In kuma dama na arha ne irin wanda ake ba mutum kyauta in ya sayi laftof, kar ka wahalar da kanka, jefar.

Yanzu maganar mai igiya da wayales. Mutane suna son wayales saboda gayu da kuma tebur ba tarkace, ban ce ba shi da daɗi ba, amma ka lissafa. Kuɗin da za a yi amfani da shi a sa suwic mai kyau da ido mai kyau, wato ɗan abin nan na ƙasan maus da ke gane motsi, a wayales mai arha an raba shi ne tsakanin risiba da gidan batir da sauransu, dole wani waje ya yi rauni. Sannan ga batir. Sannan ga babbar masifar, ɗan risiban nan da ake cusawa a USB wanda bai kai girman farce ba, ranar da ya faɗi a cikin keke ko ka ba wani aron laftof ya dawo babu shi, shikenan maus ya zama abin wasan yara, domin yawancin masu arhar nan ba a iya haɗa su da wani risiban. Na Logitech masu alamar nan ta ruwan lemo mai kama da tauraro, wato Unifying, su ne ake iya sayen wani risiban a haɗa, har na'ura 6 yake ɗauka, amma su kuma ba a layin arha suke ba. Mai igiya kuwa ka jona ya kama, ba direba, wato manhajar da ake sa wa kwamfuta ta gane shi, ba batir ba caji, iyakar abin da ke kashe shi igiyar ta karye daga wuya saboda yadda yara ke naɗe ta tam a jikinsa su cusa a jaka. Ka daina naɗewa da ƙarfi zai daɗe.

Sunayen da zaka tambaya: Logitech B100 ko M90 ko M100, Dell MS116, sai na HP da Lenovo baƙaƙen nan marasa ado da suke zuwa da kwamfutocin ofis. Duk madanni biyu ne da taya a tsakiya, ba wani abu, kuma duk ana iya riƙe su da hagu ko dama, in kai bahago ne. Waɗannan na ofis ɗin su nake so ka sa wa ido. Masu kawo kwamfutocin gwanjo daga Turai da Amurka suna haɗowa da kibod da maus buhu-buhu, sau da yawa zaka samu an zube su a kwali a gefen shago ba wanda ya damu da su, sun ɗan yi ƙura, wani ma fentin wajen yatsa ya goge yana sheƙi. Waɗannan an yi su ne dan ma'aikacin da zai danna daga safe zuwa yamma shekara da shekaru, kuma sau tari kuɗinsu bai kai na sabon jabu mai kwali mai kyau ba. Sayen nagari mai da kuɗi gida ne, ko da tsoho ne. Ka zaga shagunan kwamfuta na wajen Ahmadu Bello Way da cikin Kasuwar Gumi, ka ce a nuna maka na hannu, kar ka ji kunya. Farashi kam bazan ce maka nawa ba dan kayan nan da dala suke tafiya, ka tambayi shago biyu uku kafin ka ciro kuɗi.

To jabu. Nan ne ake cin mutane. Zaka ga an rubuta HP ko Logitech ko Dell ɓaro-ɓaro a kwali, kuɗinsa kuma rabin na gaskiya, mai shago yana rantsuwa. Wani mai shagon ma ba ƙarya yake ba, shi ma haka aka sayar masa. Juya cikin maus ɗin ka duba takardar da ke manne a ƙasa, na Logitech na gaske zaka ga M/N da P/N da sauran lambobi an buga su tsaf, ba rubutun da ya dusashe ko ya karkace ba. Ka shafa wajen da roba biyu suka haɗu, jabu yana da kaifi-kaifi yana kartar hannu. Igiyarsa siririya ce ƙwarai kuma gajera, da kyar take kaiwa daga bayan sifiyu, wato akwatin kwamfutar, zuwa kan tebur. Kar nauyi ya ruɗe ka, na sha buɗe masu arha na tarar an ɗaure guntun ƙarfe da sukuru a ciki dan kawai ka ɗaga ka ji kamar abin kirki ne. In kana da ɗan sani a Windows, jona shi ka shiga Device Manager ka duba Hardware Ids na maus ɗin, na Logitech lambarsu VID_046D ce, na Dell kuma 413C. In an rubuta Logitech a jiki ka ga wata lamba daban to ka san inda aka dosa. Ba wai in lambar ta yi daidai an gama ba, ana iya kwaikwayonta, amma yawancin masu jabun ba sa ma wahalar da kansu.

Abin da ya fi duk wannan, ka tafi da laftof ɗinka kasuwar. Da caji, dan kar ka je a ce maka ba wuta. Ka jona a gabansa ka buɗe Paint, ka danne madannin hagu kar ka saki, ka yi ta zana da'ira a hankali, sannan da sauri. In layin ya yanke a tsakiya alhali yatsanka na kai, suwic ɗin ya gaji, ajiye shi. In kibiyar tana tsalle ko layin yana fitowa da ƙwana-ƙwana maimakon ya zagaye sumul, idon ne ba kyau. Sannan ka buɗe wani dogon shafi ka murza tayar ƙasa, ka lura ko tana komawa sama da kanta, wannan ciwon ya yi yawa a na hannu musamman a garin nan da ƙurar hunturu take shiga ko'ina. Ka danna tayar ma ka ji tana dannuwa. Ka ɗan girgiza igiyar daga wuyanta kana kallon allo, in ka ji kwamfuta ta yi ƙarar cirewa da jonawa to a ciki ta karye. Duk wannan minti biyu ne zuwa uku. Mai shagon da ya hana ka gwadawa ya ce wai in an buɗe kwali an saya, yi masa sallama ka shiga na gaba.

Zancen DPI da ake cika baki da shi a kwali, 3200, 4800, har sama, kar ya dame ka. Shi dai yana nufin nisan da kibiya zata yi in ka motsa hannu inci ɗaya. Aikin Word da Excel da shiga intanet, 800 zuwa 1600 ya ishe ka har ya yi yawa, M90 da MS116 ɗin nan 1000 ne kuma ba wanda ya taɓa kawo min ƙara. In ka ji kibiya na tafiyar hawainiya shiga Control Panel wajen Mouse ka ƙara mata gudu, kyauta ne. Masu CorelDraw ko AutoCAD ko masu buga gem su ne suke buƙatar ido mai kyau da gaske, su nake ce wa su daure su tara su sayi irin Logitech G102, amma kai baka ce kana wannan ba.

In kuma ka nace sai wayales, watakila laftof ɗin kan gado kake amfani da ita ko kana yawo da ita aji-aji, to ka ƙara kuɗi ka sayi na gaske, Logitech M170 ko M185. Batir AA guda ɗaya suke ci, kamfanin ya ce yana kai shekara. Ka sa masa batir irin wanda aka rubuta alkaline a jikinsa, kar ka sa batiran rediyon nan masu arha, suna saurin mutuwa kuma in suka kwana biyu a ciki sai su zubar da ruwa su cinye ƙarfen, ka buɗe ka ga fari-fari da tsatsa. Akwai makunni a ƙasa, ka kashe in zaka sa a jaka. Risiban kuma ko dai ka bar shi a jikin laftof ko ka mayar da shi ɗan raminsa da ke gidan batir, kar ka taɓa sa shi a aljihu. Ka sani M185 ƙarami ne, in hannunka babba ne zaka ji yatsu na jan tebur, ka riƙe ka ji kafin ka biya. Wani abu da mutane basu sani ba, in ka jona filash ko hard disk a ramin USB 3.0, mai shuɗin cikin nan, kusa da risiban, yana iya sa kibiya ta riƙa sarƙewa, dan suna damun juna a 2.4GHz. Mayar da risiban ɗaya gefen laftof ɗin kawai. Mutane da yawa sun yar da maus mai lafiya saboda wannan.

Masu cajin nan sirara marasa ƙara da suka cika kasuwa yanzu, masu fitila a gefe, ni dai bana ba kowa shawararsu. Farkon saye daɗi, ba ƙara, ba sayen batir. Amma suna yin barci in ka bar su kaɗan sai ka danna sun farka, batirin ciki in ya mutu ba a canzawa cikin sauƙi, kuma siraran nan hannu yana gajiya a kansu in aikin ya yi tsawo. Ga wanda yake taɓa kwamfuta sau ɗaya a sati ba laifi. Ga mai taifin furojet a'a.

Sai tebur. Maus na yanzu hoton abin da ke ƙarƙashinsa yake ɗauka da ɗan haske yana gane motsi, dan haka a kan gilas ko tebur mai sheƙi sosai sai ya rikice. Ba sai ka sayi maus fad mai tsada ba, bangon littafi mara sheƙi ko kwali ma ya yi. Kuma in ka juya sabon maus baka ga jan haske ba kar ka ce ya mutu, wasu haskensu ido baya gani. Lokaci-lokaci ka sa auduga da ɗan sifirit ka goge idon da 'yan robobin ƙafarsa, dattin da ke taruwa a nan shi ke sa ka ji yana ja da nauyi.

Abu ɗaya da baka faɗa ba, wace irin laftof ce kuma ramin USB nawa gare ta? In irin sababbin nan ne sirara masu Type-C kaɗai, to mai igiya sai ka haɗa da ɗan adafta, ko kuma ka nemi mai Bluetooth wanda baya buƙatar risiba kwata-kwata, lissafin ya canza kenan. Turo sunanta da hoton cikin tsohon maus ɗin, wajen takardar, na gani ko ya cancanci a canza masa suwic.