Abokina zai ba ni taimshiyarsa ta Orlando kyauta, in karɓa?

Tambaya: Salamu alaikum barista. Ina zaune a Maryland ne da iyalina. Akwai abokina tun muna gida, aikinsa ya tsaya wata biyar kenan ga yara ga haya, yana da taimshiya a Orlando, wato ɗakin hutu da mutane da yawa ke tarayya a kai kowa da lokacinsa, shi nasa mako ɗaya duk shekara. Kuɗin kula na bana bai biya ba, wasiƙu sai zuwa suke. Ya ce in karɓa kyauta, mu je gaban notari ya sa hannu sunana ya hau shikenan. Ina so in taimake shi kuma yarana na son zuwa Disney, amma wallahi gabana faɗuwa yake, kar garin taimako in jawo wa kaina. Ya ake yi?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan uwa. Faɗuwar gaban nan taka tana kan hanya, kar ka sa hannu a komai tukunna.

Tambayar farko da za ka yi masa, kuma ka ce ya nuna maka takarda ba da baki ba: ya gama biyan bashin da ya saye ta da shi? Yawancin masu saya a wajen kamfani bashi suke ci a nan take a ɗakin talla, da ruwa mai tsada wanda ya fi na bashin gida nesa ba kusa ba. In akwai sauran bashi, maganar ta kusa mutuwa a nan, don kamfanin ba zai sauya suna a littafinsa ba sai an biya, kuma ko ya rubuta maka takardar sallamawa, wadda suke kira kwitkilem, bashin yana nan wuyansa, jinginar kuma tana nan kan ɗakin da yanzu kake cewa naka ne. Kun gudu ba ku tsira ba ku biyun.

Yanzu bari in zo kan abin da ke cina, don kusan duk sati sai na yi wannan bayanin wa mutanenmu. Mun taso da cewa ƙasa ba ta ruɓewa, wanda ya sayi fili a Kano ko Kaduna shekara ashirin baya yau dariya yake, to da mutum ya ji kalmar takardar mallaka sai ya ɗauka gida ne aka ba shi a Amurka, har a buga waya gida a ce wane ya samu gida a Florida. Ba gida ba ne malam. Abin da ake miƙa maka alkawari ne cewa za ka riƙa biyan kuɗin kula duk shekara, ka je ko ba ka je ba, kana da aiki ko ba ka da shi, kuma yawancin irin waɗannan takardu ba su da ranar ƙarewa. Kuɗin nan a wurare da yawa ya haura dala 1,000 a shekara kuma hawa yake ba sauka, ba kai ke yanke shi ba, ƙungiyar masu ɗakuna da kamfanin da ke gudanar da wurin su ke yankewa. Sannan ga kuɗin musamman da ake yankowa in rufi ya lalace ko guguwa ta bi ta kan ginin, Florida ce fa, ka tuna ɓarnar da guguwar Ian ta yi a 2022. Wata rana kawai za ka buɗe akwatin wasiƙa ka ga bil ɗin da ba ka shirya masa ba.

In kana ganin na cika baki, buɗe shafin saye da sayarwa na eBay yanzu ka rubuta taimshiya Orlando da Turanci ka gani da idonka. Za ka tarar da mutane sun sa nasu dala 1, wasu har suna cewa su za su biya kuɗin sauya suna da kuɗin kula na shekarar farko, dai a raba su da kaya. Abin da aka saya dala dubu ashirin ko fiye. Ka taɓa ganin mai fili a Sharaɗa yana biyan mutum don ya karɓi filinsa? Akwai 'yan kaɗan da ke riƙe daraja, irin na Disney Vacation Club da wasu makonni na Marriott a wurare masu kyau, amma waɗannan ba a neman wanda za a ba kyauta, kasuwa ake kai su su tafi. Na ga wani bawan Allah da ya karɓi irin wannan kyauta daga surukinsa, sau ɗaya suka je a shekara huɗu don makon nasu ya faɗa lokacin da yara ke makaranta, ya zo min da wasiƙun masu karɓar bashi cikin leda yana cewa ai shi bai sayi komai ba. Ka sa hannu ai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kuma kuɗin bana da abokinka bai biya ba, kar ka ce nasa ne. A dokar taimshiya ta Florida sabon mai shi da tsohon suna tarayya a bashin kuɗin kula da ya taru kafin a sauya suna, za su iya binka kai. In aka daina biya gaba ɗaya su ƙwace makon, abin ya iya zama a kiredit ɗin mutum, wato tarihinsa na biyan bashi, har shekara 7, ga ka nan kana son sayen gida nan gaba.

To in duk da haka ka lissafa ka ga dama kuna zuwa Orlando kowace shekara kuma kuɗin kulan bai kai abin da kuke biya a otal ba, ga yadda ake yi. Abokinka ya nemi wasiƙar estopel daga kamfanin da ke gudanar da wurin, ita ke faɗin nawa ake binsa zuwa yau, ko akwai jingina, wane mako ne, kuma takardar mallaka ce ta gaske ko maki ne da ake kama ɗaki da shi ko haƙƙin amfani na wasu shekaru. Ku tambaya ko kamfanin na da haƙƙin fara saye kafin kowa, da ko makin zai yi maka aiki yadda yake masa, don wasu suna rage wa wanda bai saya a hannunsu ba gata. Sai ku ba kamfanin rufe ciniki mai lasisi ya rubuta takardar, a yi rajistarta a ofishin gunduma, Orange ko Osceola gwargwadon inda ginin yake, a kai wa wurin kwafi tare da kuɗin sauya suna. Notari shaidar sa hannu kawai yake, ba ya sauya komai a littafin kowa. Wani abu kuma, in abokinka na tunanin zuwa kotu ya ayyana karayar arziki, ya ga lauyansa kafin ya kyautar da komai, kotu na duba abin da mutum ya bayar cikin shekara 2 kafin ya shigar da ƙara.

Ni da za ka ji tawa, taimakon da ya fi shi ne ka zauna kusa da shi ya kira kamfanin da kansa ya tambayi sashen mayar da taimshiya. Manyan irin su Wyndham da Marriott suna da shi, galibi sharaɗin a ce babu bashin saye kuma an biya kuɗin kula. In za ka iya, ka biya masa na bana sau ɗaya don Allah, ya mayar musu da kayansu, ya fi ka ɗauki Dala ba gammo shekara da shekaru, zumunci ma ya lalace a kai.

Sai ku kiyayi 'yan damfara, don da sun ji ƙamshin mutum na cikin matsi za su fara kira, muna da mai saye a hannu, turo dala kaza na haraji tukunna. Ƙarya ne. Hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta sha gargaɗi a kan masu karɓar kuɗi gaba, kuma a 2023 ma'aikatar baitulmalin Amurka ta sa takunkumi kan mutanen ƙungiyar 'yan ƙwaya ta Jalisco a Meziko saboda irin wannan damfarar ta taimshiya. Duk wanda ya ce masa ka daina biya mu za mu fitar da kai, ya kashe wayar.

Ka karɓo wasiƙar estopel ɗin da bil ɗin shekara uku da suka wuce ka turo min, mu ga yadda kuɗin ke hawa kafin ka ba shi amsa.