An yi mini tayin tsofaffin wayoyi masu madannai a kan araha, in sara?

Tambayar ta fito daga wani mai shagon waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Wani dillali a Computer Village ta Ikeja ya yi masa tayin katan-katan na BlackBerry da Nokia E72 na hannu, masu cikakkun madannai da imel da taswirar nuna hanya, a farashin da ya ce kamar kyauta. Yana so ya zuba kusan rabin jarinsa, don ya tuna yadda manyan 'yan kasuwa suke rububinsu a da.

Alhaji, kada ka zuba rabin jari a wannan kaya. Ko rubu'i ma ya yi yawa.

Rububin da ka tuna gaskiya ne. Wajen 2010 zuwa 2013, mutum ba ya cika ɗan kasuwar zamani sai ya ba ka lambar PIN ɗinsa ta BBM, manhajar hira ta BlackBerry, kuma duk wata yana biyan kuɗin BIS, wato hidimar intanet ta BlackBerry. Amma ka duba abin da mutane suke saye a lokacin. Saƙon imel yana faɗowa nan take ne saboda na'urorin kamfanin BlackBerry, wanda hedikwatarsa ke Waterloo a Kanada, suna turo shi. Wannan hidima tana aiki ne muddin waɗancan na'urori suna kunne, kuma yanzu an kashe su. Kamfanin ya daina ƙera waya da kansa a 2016. WhatsApp ya janye daga wayoyinsa a ƙarshen 2017, aka rufe BBM na gama-gari a watan Mayun 2019. Ranar 4 ga Janairun 2022 kuma aka tsayar da hidimar wayoyin da ke kan manhajar BlackBerry 10 da 7.1 da na ƙasa da su, har kamfanin da bakinsa ya ce ba ya ba da tabbacin ko kira da saƙon tes za su riƙa tafiya daidai. Wasu suna kira har yau, amma ba ka da wanda za ka kai wa ƙara ranar da suka tsaya.

Nokia E71 ta 2008 da E72 ta 2009 sun fi dama-dama, domin kira da tes ba su rataya a wuyan kowa ba. Sai dai WhatsApp ya bar manhajar Symbian da suke aiki da ita tun tsakiyar 2017, Gmail kuma ya daina karɓar shiga da kalmar sirri zalla daga tsofaffin manhajoji a 2022, don haka imel ɗin da dillali yake yi maka talla da shi da wuya ya buɗe.

Batun taswira shi ya fi ruɗar mutane. Na'urar GPS da ke cikin wayar tana jin tauraron ɗan'adam kyauta, ba ta bukatar data, kuma har gobe za ta gane inda kake. Taswirar da za a ɗora wurin a kanta ce ta tsufa. A farkon 2010 Nokia ta mayar da jagorar hanya ta Ovi Maps kyauta, abin ya burge a lokacin, amma taswirar wancan zamani ba ta san gadar Dangi ta Kano ba. Direban da ke kai kaya Legas ko Maraɗi zai fi samun biyan bukata da Google Maps a kan Tecno ko itel mafi araha, ya sauke taswirar yankin tun yana gida.

Sannan ka tambayi kanka wa zai shigo shagonka ya nema. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari yana tura hoton kaya ta WhatsApp, yana duba shigar kuɗi a manhajar banki ko OPay ko Moniepoint. Babu ɗaya a ciki da zai hau waɗannan wayoyi. Abin da ya rage shi ne kira, tes, da lambobin banki irin su *737# ko *966#, kuma wannan aikin ko ƙaramar waya sabuwa dal a kwali tana yin sa. To da ita za ka gwada farashi, ka ga ko arahar tana nan. Ka ƙara kuɗin batir, don wanda ya shekara goma a ajiye yawanci ya kumbura ko ba ya riƙe caji. In kuwa ka sayar ba tare da ka faɗi aibin ba, kayan zai dawo maka da rigima, ga kuma alhakin ɓoye aibi a ciniki.

Akwai ɗan lungu na riba, ban musa ba. KEYone ta 2017 da KEY2 ta 2018, waɗanda kamfanin TCL ya ƙera da sunan BlackBerry, Android suke amfani da ita, kuma masu sha'awar madannai suna nemansu da daraja, ko da yake manhajarsu ma ta tsufa, wasu bankuna na iya ƙin ta. Masu gyara kuma sukan sayi tsofaffin don gilashi da madannai da murfi.

Saboda haka ka ce dillalin ya turo maka jerin samfurin da ke cikin kowane katan. In akwai KEYone ko KEY2, ka ɗauki biyar zuwa goma, ka sa layinka ka gwada kira da caji da kowane madanni, ka tabbatar ba a kulle suke da layin wata ƙasa ba, bisa sharaɗin mayar da wadda ta ƙi. Sauran ka taya su da farashin kayan gyara. In ya ce albarka, ka bar masa abinsa, ka sa kuɗin a ƙananan Android da caja da batir, waɗanda kake juyawa duk mako.